Wai da gaske awara tana taɓa ƙwayoyin maraina?

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Shekara 2 kenan da aurena har yanzu shiru, madam kuma sana'ar awara take yi, kusan kullum da yamma sai na ci da yaji. To jiya wani abokina ya turo min bidiyo wai akwai wani sinadari a waken suya, jenistin, da yake hana ƙwayoyin 'ya'yan maraina girma, wlh ban runtsa ba. In daina ci ne ko yaya?

— Hhhh malam in da awara na hana haihuwa ai da 'yan Sin ba su haura biliyan ba, su da suka gaje ta tun kaka da kakanni.

— Ku bar dariya, mutum na cikin damuwa. Ɗan uwa ni harhaɗa magunguna na karanta, sinadarin akwai shi kam, siffarsa ta ɗan yi kama da estirojin, wato sinadarin jikin mata, shi ya sa ake ta surutu. A ɗakin gwaji in aka zuba shi da yawa kai tsaye kan ƙwayoyin marainan ɓera sukan daina rarrabuwa wasu ma su mutu, amma fa wannan a cikin ɗan faranti ne, kai kuma ci kake yi, hanji da hanta sun sauya yawancinsa kafin ya shiga jini sosai. An tattara binciken da aka yi kan maza a 2010, aka sake a 2021, ba a ga waken suya ya rage testostiron, wato sinadarin mazakuta, ba. Akwai dai na jami'ar Harvard ta Amurka a 2008, maza 99, inda masu cinsa da yawa maniyyinsu ya fi ƙarancin ƙwayoyi musamman masu ƙiba, sai dai su ɗin dama asibitin neman haihuwa suka zo da matansu.

— Shekara 2 ai asibiti za ku ku biyu, ba awara za ka tuhuma ba. Gwajin maniyyi ba wuya, ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 sannan ka ba da. Ka taɓa yin hangum bayan ka balaga? Ko ciwon sanyi? Ka faɗa wa likita. Kuma dan girman Allah ka guji maganin maza na bakin tasha.

— Na gode sosai. Hangum kam na yi ina aji 5 a sakandare, har gefe ɗaya na maraina ya kumbura. Litinin in sha Allah za mu je.