Bonat ɗin kabon faiba a Subaru BRZ, ya cancanci kuɗinsa?

Direba86:
Salam 'yan uwa. Ina da Subaru BRZ, ina so in sa mata bonat da sipoila (fiffiken nan na bayan mota) na kabon faiba, wato saƙaƙƙen zaren kabon da ake ƙanƙare shi da gam, don ta rage nauyi, amma na ga kala biyu, wai busasshen kabon da jiƙaƙƙe, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ko kusa, a hoto kuwa wlh duk iri ɗaya nake gani. Wanne zan ɗauka?

Tsohon_Bakanike:
Ɗan uwa kafin ka saki kuɗi cire bonat ɗinka ka ɗora a sikeli. Na BRZ ai alminiyom ne tun daga kamfani, dama ba shi da wani nauyi. Yawancin masu arhan nan faiba gilas ne aka shimfiɗa masa kabon falle ɗaya a sama don ado, ka leƙa bayansa za ka gane, wani ma ya fi na asalin nauyi. Jiƙaƙƙen da hannu ake shafa masa rezin, wato gam ɗin da ke haɗe zaren, shi ya sa yake shan gam da yawa ya ƙara nauyi, busasshen kuwa zaren na zuwa da rezin daidai gwargwado a jikinsa, sai a gasa shi a tanda mai matsin iska. Shi ne mara nauyi na gaske, shi ne kuma mai tsadar.

MaiFenti:
Oga ya gama magana, sai dai kar a manta da rana. In ba a fesa masa kiliya, wato fentin sama mara kala mai tare hasken UV na rana, ba zai koma rawaya ya dusashe. Kuma kabon ba ya lotsewa kamar ƙarfe balle fanel bita ya buga ya miƙe, tsagewa yake. In na hannu za ka saya ka ƙwanƙwasa shi da tsabar kuɗi, inda ƙarar ta mutu to falle-fallen sun rabu a ciki.

Direba86:
Kai, ashe saura kaɗan in sayi kwalliya da sunan gudu. To sipoilan fa?

Tsohon_Bakanike:
Shi saka abinka in yana burge ka, amma kar kabon ya riƙa gugar alminiyom kai tsaye, da ruwa ya shiga tsakani alminiyom ɗin ne zai ciwu, a sa roba ko fenti a tsakiya. In kuma ka nace kan bonat ɗin to lallai ka sa masa fin biyu a gaba, wato ƙusoshin da ke riƙe bonat, na taɓa ganin wanda makullinsa ya ɓalle ana cikin gudu ya dawo ya rufe gilashi. Ni da kuɗin nawa ne rim marasa nauyi da tayoyi masu kyau zan fara saya, nan ne za ka ji canji a sitiyari.