Dan Allah jigging da crappie da Hausa, gobe zan ɗauki shiri

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum jama'a. Gobe ƙarfe 10 na safe zan shiga ɗaukar shiri kan yadda mutanen Minnesota a Amurka ke kamun kifi da hunturu, tabki ya daskare su huda ƙanƙarar su zura fatsa ta ramin. Na gama komai sai kalma uku da suka tsaya min a wuya, sunan kifin crappie, sai jig, sai jigging. Bait kuma na sa "abincin tarko" amma raina bai kwanta ba.

Basarken Yawuri: Wa alaikumus salam. Ƙoto ake cewa 'yar uwa, ba tarko a nan. Tana ce ko ɗan kifi, duk abin da aka soka a bakin ƙugiya ƙoto ne, wannan kam ki goge ki wuce.

Ɗan Minneapolis: Anti bari in faɗa miki yadda abin yake tukuna don hunturun bara abokin aikina ya kai ni har sau uku. Ba a taka ƙanƙarar sai kaurinta ya kai inci 4, haka hukumar jihar ke gargaɗi, sannan a huda rami faɗin inci 6 ko 8. Shi crappie da hunturu yawanci a tsakiyar ruwa yake rataye garke guda, zurfi ƙafa 30 sai ka gan su a na'urar hango kifi wajen ƙafa 20, kuma sama yake kallo in zai ci, shi yasa ake tsayar da ƙoton a samansa kaɗan, in ka saukar ƙasa da shi ka yi asara. Jig ɗin ƴar ƙugiya ce mai kai mai nauyi kamar ƙwayar wake an shafa mata fenti, a soka mata tsutsa irin mai cin saƙar zuma ko tsutsar ƙuda ko ɗan mitsitsin kifi. Jigging kuma wlh wuyan hannu ne kawai ke aiki kamar mai rawar sanyi, ka ɗan karkaɗa ka tsaya, ka ɗaga kamar tsawon yatsa ka sake tsayawa, a wannan tsayawar yake kamawa kuma sau da yawa ba ja za ka ji ba, zaren ne zai saki don ya ɗauko ƙoton ya yo sama da shi.

Hajiya mai fassara: To ai ka ba da amsar da bakinka. Rawar ƙoto.

Malamin nahawu: Rawar ƙoto jimla ce aka datse, ba kalma ba. Ni na daɗe ina cewa mu riƙa ƙera kalma guda. Ɗaga da sauke, a haɗe su: ɗagsau. Ya ɗagsa, tana ɗagsawa, maɗagsi shi ne jig ɗin. Kun ga tsuntsu biyu da dutse ɗaya, fi'ili ya samu sunan kayan aiki ya samu.

Basarken Yawuri: Allah gafarta malam, in aka faɗi maɗagsi a rediyo a bakin ruwan Yawuri babu masuncin da zai san ana maganar sana'arsa. Mu fa ba a tambayarmu, sai a zauna a ofis a ƙera a kawo mana, alhali sunayen kayan sunmu, mamari da birgi da mali da taru, duk ba wanda ya ƙera mana su a takarda.

Malamin nahawu: Ba wanda ya raina Sarkawa. Amma jirgin sama ma wani ne ya fara faɗa kafin kunne ya saba. In kullum sai dogon bayani za mu yi to yaushe harshen zai tsaya da ƙafarsa a kimiyya?

Hajiya mai fassara: Jirgin sama kalma biyu ne Malam, irin ginin rawar ƙoto sak, kowa ya san jirgi ya san sama. Kuma ɗaga da sauke bai kama abin da yaron nan ya bayyana ba, karkarwar ce ke jawo kifin.

Ɗan Zinder: Mu nan sai mu ce kaɗa ƙugiya kawai. Kuma don Allah a riƙa tuna shirin ba Kano kaɗai ake jin sa ba.

Bakano: Kano me ta yi kuma, tun ɗazu ɗan Yawuri ke magana ba wanda ya ce uffan

Mai shirin rediyo: Jama'a don girman Allah sunan kifin, dare na yi.

Malamin nahawu: Karfasar ƙanƙara.

Ɗan Minneapolis: Malam a yi haƙuri wannan zai ɓatar da mutane. A ido kam yana da faɗi kamar karfasa amma ba danginta ba ne, iri biyu ne ma, baƙi mai ɗigo-ɗigo da fari mai ratsi a tsaye, kuma har jihar Louisiana a kudancin Amurka akwai shi inda ba a kamun kifi a kan ƙanƙara, can sac-a-lait suke ce masa. Sunan crappie ɗin ma daga Faransancin Kanada Turawan Amurka suka aro shi, crapet. In su sun ara ban ga laifin mu ce kirafi ba.

Basarken Yawuri: Kifin da ba ya ruwanmu ba mu da hurumin raɗa masa suna. Kirafi ya yi. Sai dai ki ce mai kama da karfasa sau ɗaya a farko don mai sauraro ya hango shi.

Ɗan Minneapolis: Ki ƙara da cewa fatar bakinsa siririya ce kamar takarda, in ka fizga da ƙarfi ƙugiyar ta yage ta fita, na farko da na kama haka ya kuɓuce min a bakin rami ina kallonsa ya juya ya nutse. Don haka kar kalmar fizga ta shiga ko kusa.

Mai shirin rediyo: Na gode ƙwarai. Na rubuta ƙoto, kirafi, rawar ƙoto. Jig kuma ƙugiya mai darma?

Ɗan Minneapolis: Na darma akwai, amma waɗanda muka yi aiki da su na wani ƙarfe ne da ake kira tungsten don ya fi darma nauyi, ƙarami ya nutse da sauri. Ƙugiya mai kai ta fi.

Basarken Yawuri: Ban taɓa jin ta ba amma na gane abin da ake nufi.

Malamin nahawu: Ki sa rawar ƙoto tunda lokaci ya ƙure, ban hana ba. Jig ɗin dai har yanzu ba ku samo masa suna ba, siffanta shi kuka yi, maɗagsi na nan in kun dawo.

Mai shirin rediyo: Toh Malam, gobe dai ƙugiya mai kai zan faɗa, in masu kira suka kawo wadda ta fi zan zo in sanar da ku.