Wai da gaske wayar nano tana dawo wa makaho da gani?

Autar_Mama:
Slm jama'a, dan Allah masu ilimin abin ku taimaka min. Yayana tun yana sakandare yake fama da dundumi, da magariba ta yi shikenan sai lalube, daga baya ganin gefe-gefe ya soma tafiya, yanzu in ka miƙo masa hannu ta gefe sai ka yi magana yake sanin kana wajen, amma abin da ke gabansa daidai yana ɗan gani. Likita ya ce retinitis pigmentosa ce kuma gadonta ake yi. To jiya aka turo min bidiyo wai a Chaina an ƙera wasu ƴan wayoyi da ake dasawa a ido makaho ya gani, har cikin duhu ma wai. Gaskiya ne ko surutun intanet ne? In gaskiya ne ya abin yake aiki, ni dai na san waya sai da wuta.

Ɗan_Lab:
Wslm ƙanwata, Allah ya ba yaya lafiya. Labarin yana da tushe, masu bidiyon ne suka ƙara masa gishiri.

Can bayan ido akwai wani tantani da ake kira ratina, a jikinsa akwai ƙwayoyin karɓar haske, wajen miliyan 120 na ganin dare da miliyan 6 na launi da ganin rana. Aikinsu su mayar da haske ɗan siginar lantarki su miƙa wa ƙwayoyin da ke bin su, daga nan ya hau jijiyar ido ya wuce ƙwaƙwalwa. A ciwon yayanki na ganin daren ne suke fara mutuwa, shi ya sa dundumi ya riga komai zuwa, amma ragowar hanyar yawanci tana nan da ranta, mai kunna ta ne babu.

Nan nanowayar take shigowa, waya irin ta zare nake nufi ba ta salula ba. Siririya ce ta fitar hankali, da nanomita ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, gashin kai guda ma kaurinsa ya kai nanomita dubu 80. Ana haɗa su da yawa su zama ƴar shimfiɗa a cusa ta ƙarƙashin ratina daidai gurbin ƙwayoyin da suka mutu, kuma kamar farantin sola take, haske ya sauka a kanta ta ba da wuta, wutar ta zunguri ƙwayoyin da suka rage. Ba batir ba kebul. A 2018 masu bincike na Jami'ar Fudan da ke Shanghai suka yi da sinadarin titaniyam dayoksaid da aka yayyafa wa zinare, ɓerayen da suka makance ƙwayar idonsu ta dawo tana tsukewa in an haska su. A 2025 suka fito da ta teluriyam a mujallar Science, ɓeraye suka iya gano inda haske yake, aka kuma dasa wa biri.

Maganar gani a duhu, shi ma haske da nanomita ake auna tsawon zangonsa, idon mutum yana tsayawa wajen nanomita 700, ita teluriyam tana amsawa har 1550, wato infared, irin hasken da rimot ɗin talabijin ke fitarwa. Sai akwai wannan hasken a wajen, ba wai baƙin duhu zai zama rana ba.

Kawu_Tsoho:
Ƴata ki riƙe kalmar nan biyu da ya faɗa, ɓera da biri. Ɓera ya juya wajen fitila daban, mutum ya gane fuskar ɗansa daban.

Ni abin da ya sa nake ɗari-ɗari da irin waɗannan labaran Argus II ne. A 2013 Amurka ta amince da shi, kuma don masu irin ciwon yayanki aka yi shi, gilashi mai kyamara da ƴar kwamfuta a ɗaure a ƙugu sai tsinin lantarki 60 kacal a kan ratina. Masu shi walƙiya-walƙiya suke gani, sai sun yi ta juya kai kafin su gane nan ƙofa ce nan taga, duk da haka wasu ya yi musu rana. An dasa wa mutum sama da 350, sai kamfanin Second Sight ya daina ƙera shi a 2019, a 2020 ya kusa rushewa gaba ɗaya, mutane suka wayi gari da na'ura a cikin ido in gilashin ya lalace ba mai gyara. Ban ce ta nano haka za ta zama ba, rashin batir da kebul ma ya rage abin lalacewa, amma abin da zai shekara 20 ko 30 jiƙe a ruwan gishirin jiki dole a tabbatar ba ya zagwanyewa ba ya sa guba, kuma wannan ba a gane shi a wata shida.

Autar_Mama:
Na gode Kawu, jikina ya ɗan yi sanyi gsky. To yanzu babu wanda ya kai ga mutane kenan? Kuma mai hawan jinin ido fa, shi ma zai yi masa?

Sista_Ido:
Akwai wanda ya kai ƴar uwa, sai dai ba nanowaya ba ce. Sunansa PRIMA, ɗan guntun silikon milimita 2 tsawo 2 faɗi mai ɗigo 378, shi ma da haske yake samun wuta amma sai an sa gilashi mai harba masa infared. A gwajin da aka yi a Turai da mutum 38, aka fitar a 2025, cikin 32 da aka duba bayan shekara guda, mutum 27 sun iya karanta haruffa da lambobi, baƙi da fari, a hankali, bayan watanni ana koya musu. Su kuma tsofaffi ne da tsakiyar ratinarsu ta lalace, ba irin na yayanki ba.

Hawan jinin ido kam a'a. Shi jijiyar idon kanta yake ci, duk wutar da aka kunna a ratina ba hanyar da za ta bi. Yanar ido kuma ba ta buƙatar wannan duk, tiyata ce a sa sabon madubi. Shi yaya tunda yana da sauran gani a tsakiya ba likitan da zai taɓa masa ratina da dashe yanzu, abin da zan ce ku tambaya shi ne gwajin ƙwayar gado, don akwai maganin Luxturna da aka amince da shi a 2017, amma masu matsalar ƙwayar gado mai suna RPE65 kaɗai yake wa aiki kuma ba su da yawa.

Ɗan_Lab:
Na manta ban ce ba, ba ido kaɗai ake nema da abin ba. A 2018 a Jami'ar Chicago sun ɗora nanowayar silikon guda ɗaya a jikin ƙwayar jijiyar ɓera a lab, suka haska mata leza, jijiyar ta harba saƙo. Burin a riƙa taɓa jijiya ɗaya tak a bar maƙwabtanta, abin da tsinin ƙarfe mai kauri ba ya iyawa, ga shi jiki yana yi masa tabo ya lulluɓe shi har siginar ta yi rauni. Matsalar dai haske ne, shi ido da tagarsa ya zo, amma jijiyar da ke can cikin cinya ko baya sai an nemo yadda za a kai mata shi tukuna.