Wa ya san waƙoƙin Claribel? Da wacce zan fara?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar na shiga wani shagon gwanjo a nan Ingila, na tsinci tsohuwar takardar kiɗan fiyano, ta yi ja don tsufa, gefenta duk alamun fensir na wadda ta taɓa koyo da ita. A sama an rubuta Claribel kawai. 'Yata ta gwada bugawa, wallahi sai da na tsaya da wanke-wanke. Wace ce wannan, kuma me zan nema in saurara?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam Hajiya. Laƙabi ne. Sunanta Charlotte Alington Barnard, an haife ta a garin Louth da ke Lincolnshire a 1830. Ki fara da "Come Back to Erin". Ki nemi wadda mawaƙin nan ɗan Ailan John McCormack ya rera, tana YouTube. Faifan tsoho ne, akwai shuu a ciki, amma muryar ta fito tas.

Malamar Firamare: Malam ya riga ni. Abin da ke taɓa ni game da waƙar nan, har gobe mutane da yawa sun ɗauka waƙar gargajiya ce ta mutanen Ailan, alhali matar wani limamin coci ce 'yar Ingila ta tsara ta. Waƙa ta shiga bakin kowa, sunan mai ita ya ɓata. Ita ke rubuta baitocin yawancin waƙoƙinta, ita ke ɗora musu kiɗa, kuma sun kai kimanin 100 cikin 'yan shekaru kaɗan. Yaya, tunda yarinyarki na koyo, ki samo mata "I Cannot Sing the Old Songs". A hankali take tafiya, ba ta wahalar da yatsu, domin dama don falon gida aka yi su, mace na bugawa iyali na zaune.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri ƙanwata. Ita ce ma takardar da na saya!

Baban Walid: Ni dai gaskiya na saurari huɗu a jere, sai na ji kamar ɗaya ce. Masu sharhin zamaninta ma sun raina su saboda sauƙinsu. In Hajiya na son abu mai nauyi, ta nemi "In a Persian Garden" ta Liza Lehmann, ta 1896, wadda aka ɗora kan fassarar baitocin Umar Khayyam, mawaƙin Farisa na da. Ko kuma Maude Valérie White, mace ta farko da ta ci tallafin karatun kiɗa na Mendelssohn a 1879.

Malamar Firamare: Baban Walid, na yarda waɗancan sun fi ta zurfin karatu. Amma sauƙi ai ba aibu ba ne. Kamfanin Boosey na Landan, mai wallafa takardun kiɗa, ya ga yadda ake rububin takardunta, har ya riƙa biyanta kaso a kan abin da aka sayar, a lokacin da yawanci ake sayen waƙa kacokan a sallami mai ita. Ga shi ƙarshenta abin tausayi. A 1868 asirin mahaifinta, wanda lauya ne, ya tonu a kan dukiyar mutane da aka ba shi amana, ya tsere Beljiyam, ita ma kuɗinta suka salwanta a ciki. Duk da haka ta bi shi can. Da ta dawo Ingila zazzaɓin taifot ya kama ta, ta rasu a Dover a watan Janairun 1869, tana da shekara 38. Tun da na san wannan nake jin "Take Back the Heart" daban.

Ɗan Zazzau: Hajiya, kada ki bar takardar a inda rana ke bugawa. Ki ɗauki hotonta, yarinya ta riƙa koyo da kwafin.

Uwar Biyu: To Malam, yau ɗin nan zan yi. In ta iya ta sosai zan naɗo muku ku ji.