Me Ke Sa Koyil ɗin Sigarin Lantarki Yin Baƙi?

Da aka tattauna batun tsakanin masu shan sigarin lantarki, kusan baki ya zo ɗaya: kayan zaƙin da ake zuba wa ruwan sigarin, musamman sukuralos, su ne ummul-haba'isi. Ba sa bin tururi su fita gaba ɗaya, sai su ƙone su manne a jikin koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke zafafa ruwan, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Audugar da ke tsotso ruwan zuwa wayar ta koma ruwan ƙasa, ɗanɗano ya dushe, ƙauri ya biyo baya. Ruwa mai duhu ko mai yawan gilisarin, sinadarin da ke sa ruwan kauri, shi ma yana saurin tara datti.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a koma wa ruwa garai mai ƙarancin zaƙi. A rage wuta, a riƙa sararawa tsakanin zuƙa domin audugar ta sake jiƙa.

Masu naɗa koyil da kansu suna zare audugar, su ɗan gasa wayar Kanthal (wani nau'in ƙarfe mai jure zafi), su ɗauraye, su sa sabuwar auduga. Amma kada a gasa ta nikel ko titaniyam. Koyil ɗin kanti kuwa, wanki bai cika dawo da shi ba. A ganina, da ƙauri ya fara a canza shi, bai dace ƙonannen datti ya shiga huhun mutum ba.