Ta ƙi karɓar taimakona, yaya zan yi?

'Yan'uwa, ina neman shawara. A garin Gadarif na ƙasar Sudan nake zaune. Bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wata gwauruwa 'yar cocinmu ta gudo daga Khartum da yara uku. Shayi take sayarwa a bakin kasuwa, amma na san ba kullum tukunyarta ke hawa murhu ba. Na kai mata dawa da man girki, ta mayar mini, wai ita ba mabaraciya ba ce. Na aiki ɗana da kisira (wani siririn gurasar dawa da ake ci a nan), haka ta dawo. Yanzu ko gaisuwarmu ta yi sanyi. Matata ta ce ni na kunyata ta, tunda a gaban maƙwabta na kai. In riƙa sayen shayinta ne ina barin canji, ko in bi ta hannun fasto?