Neman shawara: rak ɗin tsohuwar PLC ɗinmu yana tsayar mana da inji a Sharaɗa

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa injiniyoyi da masu gyara. Don Allah a taimaka min, kaina ya kulle. Ina aiki a wani kamfanin saƙa buhu a Sharaɗa, ni ke kula da ɓangaren lantarki. Asali ni ba ɗan PLC ba ne (kwamfutar da ke tuƙa injin masana'anta), naɗin waya na koya a shagon kawuna, daga baya na yi difloma. Da na shigo kamfanin akwai wani baƙon injiniya da ke riƙe da fanel ɗin, ni jaka kawai nake ɗaukar masa. Suka samu saɓani da mai kamfani, ya tattara ya koma ƙasarsu har da kwamfutarsa. Tun daga ranar aka ce komai yana wuyana. Alhaji mai kamfanin mutumin kirki ne, shi ya biya kuɗin asibiti lokacin da maiɗakina ta haihu, shi ya sa ba na so asara ta same shi ta hannuna.

Injin da ke narka roba yana fitar da zaren buhu, PLC ɗin Siemens mai suna Simatic S5-115U ke tuƙa shi. Yana cikin aiki sai ya faɗa STOP, fitilar QVZ ta kama, hita ta ɗauke, roba ta sandare a ciki. In na danna katin da ke rami na huɗu da hannu na mayar da shi RUN, sai ya tashi. Na sa wani katin a ramin, bai canza zani ba. Shi ya sa nake ganin allon bayan rak ɗin, wato gidan da ake jera katunan, shi ne ya gaji. Wani a Legas ya ce yana da na hannu. Ga kaka ta shigo, 'yan Dawanau sun riga sun ba da kuɗin buhu. In saya in musanya ranar Lahadi da ba a aiki? Aikin awa nawa ne?

Ɗan Kawaji: Wa alaikumus salam. Kafin ka kashe ko sisi, kashe wuta ka zare katin, ka haska tocila cikin ramin. Ƙurar masana'anta da ɓurɓushin roba suna haɗuwa da laimar damina su yi dafi a haƙoran. Feshin wanke kontak da buroshi mai laushi, sannan ka ɗaure sukurun katin sosai. Sau da yawa iyakarta ke nan.

Injiniya Bompai: Ƙanena, tsaya. Kar ka taɓa komai tukuna, ka amsa min tambaya ɗaya: kana da kwafin furogiram ɗin a wani wuri? Ba ka faɗa ba, kuma nan ne rai yake. A 115U batirin da ke riƙe ƙwaƙwalwa yana cikin fawa saflai ne, PS 951, kuma ta allon bayan nan yake isa ga CPU, katin da ke gudanar da furogiram. Ranar da ka zare CPU don ka dasa shi a sabon rak, ka raba shi da batir. Duk abin da ke RAM, ƙwaƙwalwar da batir ke riƙewa, ya tafi. Za ka kunna ranar Litinin ka tarar da rak lafiyayye da inji wanda bai san ko sunansa ba. QVZ ma'anarsa CPU ya kira kati bai amsa ba cikin lokaci, don haka zarginka yana kan hanya, amma ba shi ne babban ciwonka ba.

Gaskiyar magana kuma, S5 ta fito tun 1979, kuma Siemens ta rufe babinta gaba ɗaya a 2020. Duk rak ɗin da za a sayar maka sa'an naka ne, daga wani kamfani da ya mutu aka kwance shi. A cire ta gaba ɗaya a sa sabuwar PLC, S7-1500. Ban da wannan duk faci ne.

Baban Khalifa: Na gode Yallaɓai. Kwafi dai babu a hannuna, amma akwai wani ɗan kaset da aka soka a gaban CPU, ina ganin EPROM ne, irin ƙwaƙwalwar da ba ta gogewa ko babu batir. Ai in haka ne furogiram ɗin yana nan. Batun canjawa gaba ɗaya kuwa, ban isa in tunkari Alhaji da shi yanzu ba. Bai daɗe da sayen janareto ba.

Injiniya Bompai: "Ina ganin" ba ya tuƙa inji. Ramin nan yana karɓar EPROM, yana karɓar RAM. Karanta lambar da ke jikinsa ka turo. Ko da EPROM ne, abin da aka ƙona ranar da aka kafa injin ne a ciki. Duk gyaran da ogan naka ya yi da kwamfuta daga baya, da ma'aunin zafin kowane sashe in a cikin DB (ma'ajiyar bayanan furogiram) aka ajiye, ba lallai suna ciki ba. Nemi mai STEP 5, manhajar da ake rubuta furogiram ɗin S5 da ita, da kebul ɗin TTY, wanda ke shiga soket mai fin 15, a zuƙe komai a ajiye wuri uku. A buɗe ISTACK a ga ainihin dalilin tsayuwar. Kuma ka sani abin da za a zuƙo ba ya zuwa da sunaye ko bayani, lambobi ne tsirara. Zanen wayoyin fanel ɗin yana nan?

Malam Habu Challawa: Zane? Injiniya kamar ba a Kano kake aiki ba. Mu a majemar da na yi aiki, takardun inji da su aka kunna wa mai gadi wuta da hunturu. Kuma abin da ke ƙona min rai, in ka ce a fitar da kuɗi a yi kwafi sai a ce kana neman na cefane. Ranar da inji ya kwanta sai a ɗauko wani daga waje, a biya shi da dala, a kama masa otal, ya yi abin da ka faɗa tun bara. Ni shi ya sa na bari na koma harkar sola. Baban Khalifa, ka rubuta wa Alhaji a takarda, ka riƙe kwafi, don ranar da za a nemi wanda za a ɗora wa laifi.

Baban Khalifa: Malam Habu, Alhajin namu ba haka yake ba wallahi. Zane akwai, amma da Jamusanci ne kuma wasu shafuka sun yage.

Maman Ilham: Ni ban yarda allon ba ne tukuna. Allon bayan 115U kusan layukan tagulla ne da soket, ba ya saurin mutuwa. Abin da ke tsufa shi ne kafasitocin cikin fawa saflai, zafin Kano na watan Afrilu yana busar da su. In 5V ɗin ya fara rawa, kati zai ƙi amsawa ka ɗauka rak ne. Ka lura, tsayuwar tana zuwa lokacin da ake juyawa daga wutar gari zuwa janareto, ko lokacin da babbar motar lantarki ta inji ta tashi? Sa mita ka auna inji na aiki. Sannan ka duba fitilar batir. In za ka canza batir, wuta na kunne ake canzawa, kar ka kashe.

Baban Khalifa: Hajiya, ban lura da lokacin ba, amma ai dannawa nake yi ya tashi. Da fawa ne da dannawa ba za ta yi magani ba.

Maman Ilham: Dannawar ce ta tashe shi, ko mayar da makunni RUN? Abu biyu kake yi lokaci guda. Gwada ɗaya ban da ɗaya.

Ɗan Poly: Salam manya. Me zai hana a sa S7-300? Akwai su da yawa a kasuwa kuma sun fi araha. Mu dai a makaranta a allo kawai aka zana mana PLC, har muka gama ba mu taɓa ta da hannu ba. Don Allah in za a yi aikin a kira ni in zo in kalla, ko kyauta ne.

Injiniya Bompai: Ɗana, S7-300 ita ma ta kama hanya. Tun Oktoban 2023 aka fara janye ta, kayan gyara ne za su ci gaba zuwa wajen 2033. Wa zai kashe miliyoyi ya sayi abin da aka riga aka sa wa ranar sallama? Kuma kar batun sake jan wayoyi ya tsorata kowa. Akwai adafta da ke karɓar tsofaffin kanun wayar S5 su zauna kan sababbin katuna, ba sai an kwance waya ɗaya bayan ɗaya ba. Masu PLC ɗin Allen-Bradley ma haka suka yi da aka daina PLC-5 a 2017, daga rak 1771 zuwa 1756. Furogiram kuwa STEP 7 yana da manhajar juya fayil ɗin S5. Ba ta juya komai, dole mutum ya zauna ya gyara sauran da hannu kafin a kai shi TIA Portal, manhajar sababbin PLC ɗin Siemens. Aikin makonni ne a ofis, amma tsayar da inji kwanaki kaɗan ne in an shirya.

Ɗan Kawaji: Injiniya, da girmanka, kullum maganarka a cire a sa sabo. Mutum yana da odar buhu a wuya, ina zai kai makonni? Na san injuna a Tokarawa da har gobe S5 ke juya su. A wanke, a sayi rak ɗin a ajiye a sito, bayan kaka a yi maganar sabo.

Injiniya Bompai: Ban hana a ajiye rak ba. Cewa na yi kwafi tukuna. Kuma in zai saya, ya tabbatar lambar ta yi daidai, don rak CR 700-1 daban, CR 700-2 daban, ba kowane rami ke karɓar kowane kati ba. In akwai katin IM 306 a ƙarshen rak ɗin, ya ɗauki hoton ƙananan makunnansa, su ke raba adireshi. Baban Khalifa, har yanzu ba ka gaya mana wane CPU ba ne, 941 ne ko 943 ko 944?

Baban Khalifa: Zan duba da safe in Allah ya kai mu, yanzu ina gida. Na dai riga na tura wa na Legas rabin kuɗi tun da rana, don ya ce akwai wani mai so. Ban ga aibi a nan ba tunda ko yaya za a buƙace shi. Na kira wani mai kebul ɗin, ya ce yana Kaduna sai wani satin. Alhaji kuma yana so a gama ranar Lahadin nan. In na bar CPU da fawa saflai a kunne a tsohon rak, na ɗauke katuna kawai, akwai dabarar da za a yi?

Maman Ilham: Babu. Katunan ta allon suke magana da CPU. Ka auna 5V ɗin kuwa?

Malam Habu Challawa: Ni dai na faɗa maka, ka rubuta takarda.

Baban Khalifa: Ban auna ba, mitar tana wajen yaron dare. Don Allah duk wanda ya san mai STEP 5 a cikin Kano da zai iya zuwa Sharaɗa kafin Asabar ya yi min magana ta akwati.